Mun kai yara Zanzibar, teku ta janye ta bar mu tsaye

Tunda muka dawo 'yan uwa ke ta tambayata a WhatsApp wai ya Zanzibar, za a iya zuwa da ƙananan yara kuwa, to bari in rubuta a nan kowa ya karanta in huta da maimaici.

Za a iya wallahi, amma kafin ki biya kuɗin otal ki fara tambaya a wane gefen tsibirin yake. Zanzibar tsibirai ne na ƙasar Tanzaniya, babban tsibirin sunansa Unguja, kuma a gabashinsa, wajen Paje da Jambiani, ruwan teku janyewa yake yi ya tafi can nesa sai ka ci uwar tafiya kafin ka taɓa shi, bayan wasu awoyi ya dawo. A Jambiani muka fara sauka, da safe yara suka saka kayan wanka suka fita a guje, sai ga fili fetal, farin yashi da kwale-kwale zazzaune a ƙasa. Auta ta juyo ido taf da hawaye tace "Umma waye ya kwashe ruwan?" Abbansu me zai yi in ba dariya ba. Wani ma'aikacin otal ne ya nuna mana allon da suke rubuta lokacin cikowar ruwa da janyewarsa, kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50, daga nan allon nan ya zama shi ke tsara mana komai, barci da abinci da fita duk sai mun duba shi.

Kuma ni dai lokacin janyewar ya fi min daɗi, don hankalina kwance yake, ruwan bai wuce idon sawu ba ballantana in yi ta ihun ku dawo ku dawo. A lokacin ne matan garin ke shiga gonakinsu na ciyawar teku, eh gona a cikin ruwa, sun kafa turaku sun ɗaura igiyoyi ciyawar na girma a jiki, su cire su shanya su sayar. Da zanensu da mayafinsu suke zama dirshan cikin ruwan suna aiki. Yara kuwa farautar kaguwa suka saka a gaba da bokitin roba. Abu ɗaya, ku saya musu takalmin roba mai rufe ƙafa, akwai wata baƙar halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke laɓewa a tsakanin duwatsu, in yaro ya taka ranar ta lalace.

Wanda ke son wanka kowane lokaci sai ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa, can ruwan ba ya nisa sosai. Sai dai cunkoso ne ga kiɗa da daddare ga Turawa da shigarsu ta bakin ruwa, sai da na yi ta amsa tambayoyin da ban shirya musu ba.

Ɓangaren abinci ba mu sha wahala ba, garin Musulmi ne, kiran sallah ko'ina, shinkafar pilau da kifi da miyar kwakwa. Da yamma a Forodhani, wani lambu a Stone Town wato tsohon birnin Zanzibar, ana jera tebura bakin ruwa ana gashi, yaran suka liƙe wa mai matse rake da citta da lemon tsami, abin da ake cewa Zanzibar pizza ma sun ci, amma pweza, wannan dabbar ruwan mai hannaye takwas ɗin, ko kallonsa sun ƙi. Yajina na tafi da shi a jaka kuma ya yi rana.

Stone Town na manya ne gaskiya. Lunguna ƙanana, ƙofofin katako masu sassaƙa, da cocin da aka gina a inda kasuwar bayi take wadda aka rufe a 1873, babban ya tsaya yana ta tambaya amma ƙananan zafi ya ishe su sai a ɗauke ni a goya ni. Abin da ya wanke mu a wurinsu tsibirin Changuu ne, ɗan tafiya kaɗan a kwale-kwale, inda manyan kunkuru suke, asalinsu daga Seychelles aka kawo su, wasu sun haura shekara 100, wani in ya miƙo wuya ya kusa kai ƙugun auta.

Maganar takardu, mai fasfon Najeriya tun daga gida zai nemi bizar Tanzaniya kuma ya nema da wuri, ga katin allurar shawara, sannan tun Oktoban 2024 akwai inshorar dole ta dala 44 da baƙo ke biya. Mu ta Addis Ababa muka bi. Kada ku saka tafiyar tsakanin Maris da Mayu, damina ce sosai, da yara a ɗakin otal za ku ƙare kuna rabon faɗa kan rimot.