Karatun baki biyu bayan Magariba

Ƙanena yana da in'ina tun yana ɗan shekara 4. Abin da ya daɗe yana ɗaure mana kai shi ne, a makarantar allo idan yara suka haɗa baki suna biya karatu, sai ka ji shi tar kamar ba shi ba. A boko kuwa, malami na cewa "tashi ka karanta" sai harshe ya ƙulle. Ya maƙale a kan "b" ɗaya, ido a runtse, jijiyar wuya ta miƙe. Har Baba ya taɓa cewa da gangan yake yi, tunda ga shi yana kai izu ba ko tuntuɓe.

Ba da gangan ba ne. Masu aikin gyaran magana sun daɗe da sanin cewa mai in'ina idan ya haɗa murya da wani, ko yana rera waƙa, yawanci bakinsa yakan sake. Wajen yara 5 cikin 100 sukan yi in'ina, akasari ta tafi da kanta, ta bar kamar mutum 1 cikin 100 har girma, kuma maza sun fi yawa.

Da ya kai shekara 11 sai na ɗauko dabarar allon na kawo gida. Bayan Magariba mu zauna a tabarma da littafinsa na Hausa, minti goma kacal, mu karanta tare a hankali, yatsana yana bin layi. Bayan sati biyu na fara yin ƙasa da muryata kaɗan-kaɗan, har ya zama leɓena kawai ke motsi. Ranar da ya yi shafi guda shi kaɗai bai ma lura na yi shiru ba.

Daga nan ne zumuɗi ya kwashe ni. Baƙi suka zo, na ce ya karanta musu su ji. Layin farko ya tsaya cak. Wata gwaggonmu ta ce "ja numfashi mana", ni kuma na yi caraf na ƙarasa masa kalmar. Ya ajiye littafin ya shige ɗaki. Kwana goma bai zauna a tabarmar nan ba.

Da ya dawo, abu ɗaya ya ce: "Yaya, ki daina ƙarasa min. Na san abin da zan faɗa."

Na daina. Karatun tare bai cire in'inar ba, kuma santsin da yake samu a tabarma ba ya bin sa kasuwa kai tsaye. Tsoron buɗe baki dai ya ragu ƙwarai. Shekaranjiya na aike shi sayen barkono, na tsaya daga ƙofa ina hangensa. Sau huɗu yana dukan "b" ɗin, mai shagon yana jira, ni ma ina jira. A na biyar ta fito, ya karɓo canjinsa ya taho.