Tikitin jirgin ƙasa a Ingila da katin bankin da aka yanka a Kaduna

A Ingila, biyan kuɗin jirgin ƙasa daban, riƙe tikiti a hannu daban. Kana iya biya ta intanet tun kana gida, kuɗi su fita daga asusunka, imel ya shigo da godiya, amma har yanzu ba ka da abin da zai buɗe maka ƙofar tasha. Abin da aka ba ka lambar karɓa ce, haruffa da alƙaluma guda 8. Sai ka isa tasha, ka nemi na'urar sayar da tikiti, ka zura katin bankin da ka biya da shi, ka danna lambar, sannan ta zubo maka 'yan takardun nan masu baki ruwan lemo. Ko sisi ba ta cirewa a katin. So take kawai ta tabbatar cewa wanda ya biya shi ne ke tsaye a gabanta, domin akwai masu sayen tikiti da lambobin katin da suka sato, kuma irin waɗannan lamba kawai gare su, katin kansa yana aljihun mai shi.

Tsari ne mai ma'ana, ban ƙi ba. Sai dai wanda ya tsara shi bai kawo a ransa cewa tsakanin ranar biya da ranar tafiya kati yana iya mutuwa ba.

Ƙanwata ta gama digiri na biyu a Newcastle, aka sa bikin yaye su a watan Yuli. Ni kuma na shirya in fara sauka a Portsmouth wurin wani abokina da muka yi makaranta tare, daga can in haura arewa. Na sayi tikitin da suke kira Advance, wanda yakan fito kasuwa kamar mako 12 kafin tafiya. Yana da araha sosai, amma jirgin da aka rubuta a jikinsa kaɗai za ka hau da shi, a ranar da aka rubuta, a sa'ar da aka rubuta. Da katina na dala na biya. Katin kuwa wa'adinsa ƙarshen Yuni ne. Na je banki aka ba ni sabo mai sabuwar lamba, ma'aikaciyar ta sa almakashi ta raba tsohon biyu a gabana kamar yadda ƙa'idarsu ta ce, na yi godiya na fito.

Mai karatu zai ce me ya hana a turo tikitin a waya, yadda muke yi a jirgin Abuja zuwa Kaduna tun 2021? Tafiye-tafiye da yawa a Ingila ma yanzu haka ake yi. Tawa ce ta zo da gardama. Jirgin Portsmouth a tashar Waterloo yake ajiye mutum, na Newcastle kuma daga King's Cross yake tashi, don haka dole ka ratsa Landan ta jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ƙofofin can ƙasa ba sa karanta hoton tikitin da ke waya, baƙin layin maganaɗisun da ke bayan tikitin takarda suka sani. Shi ya sa duk tikitin da ya haɗa da ratsa Landan yakan zo a takarda, da wata 'yar alama mai kama da gicciye a jikinsa.

Abokina ne ya matsa mu je mu karɓa tun ana gobe tafiya. "Kai dai taso," ya ce, "abin nan ba a yi masa sammakon ranar tafiya." Na zura sabon katin, na danna lambar, na'ura ta ce ba ta san zancen ba. Na sake a hankali ko na rikita sifili da harafin O, amsa ɗaya. Muka koma tagar sayar da tikiti. Dattijuwar da ke wurin ta duba kwamfutarta, ta ce ga tikitina nan tana gani, da sunana da kujerata, amma wanda ya sayar ya ɗaure shi da katin da aka biya, kuma shi kaɗai zai iya kwancewa. Na miƙa fasfo, ta yi murmushi ta girgiza kai. Akwai waɗanda sukan dace ma'aikaci ya ga fasfo da imel ya buga musu, amma wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba, kuma ba a shirya tafiya a kan alfarma.

Nan ne mutane da yawa suke ɓata lokaci. A Ingila wanda ya sayar maka da tikiti, da mai tashar, da mai jirgin da za ka hau, suna iya zama kamfanoni uku da ba abin da ya haɗa su sai rumbun bayanai. Ka tsaya kana yi wa ma'aikacin tasha bayani har ka gaji, makullin ba ya hannunsa. Lambar wayar da ke ƙasan imel ɗin da aka turo maka ranar biya, ita ce hanya.

Muka kira da wayar abokina. Bayan kiɗan jira, wani saurayi ya ɗauka, ya tambayi suna, adireshin imel, lambar cinikin, da alƙaluma 4 na ƙarshen tsohon katin. Waɗannan suna cikin rasit ɗin imel, da ba don haka ba da sai na nemi tsofaffin saƙonnin banki. Ya ce ya buɗe tikitin ga kowane kati, mu ɗan jira kaɗan mu sake gwadawa. Muka sha shayi a gefen tasha, muka dawo, na'ura ta karɓi sabon katin ba musu. Takardu suka yi ta faɗowa: na zuwa, na dawowa, na kujera, da rasit. Kada ka kwashi biyun farko ka juya. Tsaya har allon ya ce an gama, domin tikitin Advance sau da yawa ba ya aiki sai tare da takardar da ke nuna jirgi da kujera.

Ƙanwata ta kira a daidai lokacin. "Yaya, an samu?" Na ce an samu. Ta ce in ɗauki hoton imel ɗin in tura mata ta ajiye. Na ƙi, har ta ji haushi. Daga lokacin da aka buɗe tikiti ga kowane kati har zuwa lokacin da ka karɓe shi, lambar nan tamkar katin waya ce da aka kankare, duk wanda ya riga ka dannawa shi ya ci. Mu kuwa ga mu da son ɗora shirin tafiya a WhatsApp.

Kada kuma wani ya ce zai hau jirgi da imel ɗin kawai ya yi bayani a ciki. Imel ba tikiti ba ne. Tun Janairun 2023 tarar hawa ba tikiti a Ingila ta koma fam 100, ban da kuɗin tafiyar, ko da yake tana sauka zuwa 50 in an biya cikin kwana 21. Sayen sabon tikiti a ranar tafiya kuwa yana iya ninka na Advance sau da dama. A 2023 ɗin ne kuma aka so rufe kusan duk tagogin sayar da tikiti na tashoshin Ingila, jama'a suka yi ca, gwamnati ta janye a ƙarshen Oktoba. Baƙo irina ya fi kowa cin moriyar wannan janyewa, don da na'ura kaɗai na tarar, da ba wanda zai gaya mini inda gizo ke saƙar.

Abin ya fi shafar mu 'yan Najeriya ta wata fuska. Lokacin da bankuna suka taƙaita amfani da katin naira a waje a wajajen 2022, mutane da yawa suka koma katin dala na cikin manhaja, wanda lamba ce kawai a waya, babu robar da za ka zura a na'ura. Haka wanda ɗa ko ƙani ya biya masa daga Dubai ko Kano: katin yana wata ƙasa, matafiyin yana wata. Duk waɗannan matsalarsu ɗaya da tawa. Kafin ka danna biya, duba ko za a ba ka tikitin waya. In babu, karanta abin da suka ce game da katin karɓa, domin wasu masu sayarwa tun farko kowane kati suke yarda da shi, wasu kuma sai wanda aka biya da shi.

Ba Ingila kaɗai ba ce. A Faransa, in ka zaɓi karɓa a tasha, na'urar takan nemi katin biya tare da lamba mai haruffa 6. A yammacin Japan ma sai ka zo da ainihin katin da wasu alƙaluma 4 da ka zaɓa lokacin saye. Jamus da jirgin Haramain na Makka zuwa Madina sun fi sauƙi, tikiti da sunanka yake zuwa, takardar shaida ake dubawa.

In banki zai sauya maka kati alhali akwai tikitin da ba ka karɓa ba, roƙi a bar maka tsohon da ransa. Wanda wa'adinsa ya ƙare kawai, sau da yawa na'urar Ingila tana karɓarsa, tunda lambar take karantawa ba kuɗi ba. In kuma ɓata ya yi ko an toshe shi, kira mai sayarwa tun kana gida, da imel ɗin rasit a buɗe a gabanka.