Saƙar gizo-gizo da buhunan albasa

Ina da shekara 24 lokacin da na fara lodin albasa daga Marwa zuwa Yawunde, a ƙasar Kamaru, da kuɗin da ba nawa ba. Abin da ya same ni a wannan tafiya nake so in ba ku labari, ƙannena da 'ya'yana masu ɗokin shiga fatauci, domin na lura da yawanku kuna cewa "Allah na nan" da irin bakin da nake faɗinsa a wancan zamani.

A samartakarmu akwai wani gidan kallo a unguwarmu, zaure ne mai benci da talabijin ɗaya da na'urar kaset, muna shiga bayan isha'i. Finafinan Indiya muka fi gani, inda jarumi kan shiga uku har a fid da rai, sannan a minti na ƙarshe ɗan'uwansa da ya ɓata tun yarinta ya bayyana ya cece shi. Amma wanda ya fi kama zuciyata shi ne Ar-Risala, fim ɗin tarihin farkon Musulunci da Mustafa Akkad ya fitar a 1976. Wurin da nake jira kullum shi ne bakin kogon Saur, inda Ƙuraishawa masu bin sawu suka tarar da saƙar gizo-gizo suka juya, zauren kuwa ya ɗauka da kabbara. A kan wannan benci na koyi abin da na ɗauka shi ne tawakkali, wato mutum ya jefa kansa kawai, idan tura ta kai bango saƙar za ta bayyana.

Kawuna, wanda ya tsufa a harkar, ya ba ni rabin jari, mahaifiyata kuma ta cika da kwasan adashinta. Na sayi buhu 120 na albasar da aka cire ba da daɗewa ba, wuyanta ɗanye, ba ta sha iska ba. Kawu ya ɗauki ɗaya ya danna da babban yatsa, ya sansana, ya ce, "Ɗan nan, wannan ba ta isa tafiya ba. Baza ta a inuwa ta yi mako guda, kuma kada ka zuba ta duka a mota ɗaya." Na ce, "Kawu, kasuwa ba ta jira, Allah na nan." Ya dube ni bai ƙara ko kalma ba, domin wa zai yi gardama da wanda ya ambaci Allah? Motar da na ɗauka ita ce mafi araha a tasha, tayoyinta sun cinye, yaron mota na zuba mata ruwa tun kafin mu bar gari.

Mun wuce Garwa, mun haye Binuwai lafiya. Duk wanda ya san hanyar Ngaundere ya san hawan nan mai lanƙwasa da direbobi ke kira falez, inda ƙasa ke tashi zuwa tudun Adamawa, manyan motoci na rarrafe kamar kunkuru. A nan giyar motar ta ƙi. Direba ya tafi neman bakanike, ya bar ni da yaron mota har kwana huɗu. Watan Afrilu ne, lokacin da rana ke ƙuna a Marwa, alhali a kan tudun damina ta riga ta faɗi, ni kuwa ban taɓa tambayar kowa wannan ba. Da dare ruwa ya sauko muka ja tamfol, da rana zafi ya dafa kayan a ƙarƙashinsa. A rana ta biyu wani ɗan kasuwa ya tsayar da motarsa, ya kwance buhu ɗaya ya duba, ya taya rabin kayan a ƙasa da yadda na saya. Na ƙi, saboda taimakon da nake jira ba shi da kamar faɗuwa. Washegari baƙin ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan bodi, ƙudaje suka taru, kuma har yau idan na ji warin ruɓaɓɓiyar albasa sai na ga dutsen da na zauna a kai ina ƙirga motoci.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. Abin da na tsinta daga kayan ko kuɗin mota bai biya ba, sai kunya ta hana ni komawa gida. Na yi wata biyar a Ngaundere ina dako a tashar jirgin ƙasa, ban aika wa kowa saƙo ba, sallata ta yi sanyi, a zuciyata kuma, Allah ya gafarta mini, ina ganin na dogara an bar ni.

Wani dattijo da ke jan salla a wani ƙaramin masallaci kusa da tashar ne ya lura da ni. Da na gama ba shi labari har da na kogon, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaro, ka ga saƙa, amma ka karanta abin da ya gabace ta?" Ya tuna mini cewa Madina tana arewa da Makka, amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kudu ya fara nufa a lokacin hijira don ɓad da sawu. Sayyidina Abubakar ya tanadi raƙuma biyu tun da wuri, an yi jingar ɗan jagora masanin hanya, Sayyidina Ali ya kwanta a shimfiɗar Manzon Allah, Asma'u ta shirya guzuri, makiyayi kuma na bi da tumaki yana shafe sawu, suka yi dare uku a kogon. Duk da wannan shiri masu nema sun iso har bakin kogo, kuma a nan ne aka faɗi maganar da ke cikin aya ta 40 ta Suratut Tauba, cewa kada ka yi baƙin ciki, lalle Allah yana tare da mu. Ya ƙara da cewa ruwayar saƙar ma malaman hadisi sun yi magana a kan ingancinta, amma shirin babu mai musunsa. Sannan ya kawo hadisin da Tirmizi ya ruwaito na mai raƙuma, wanda aka ce wa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, ya ce mini tawa raƙumar yanzu tana Marwa, ita ce bashin mutane.

Saboda haka idan babba ya gyara muku lissafi, kada ku toshe masa baki da sunan Allah, domin sau da yawa gaggawarku ce kuke sa wa rawani. Ku tambayi halin hanya da na sama kafin ku ɗaura kaya, ku raba dukiyar amana kashi biyu, kuma idan ƙaramar faɗuwa ta zo ta tsaya a gabanku, ku dube ta da kyau kafin ku kore ta. In kuwa asarar ta riga ta auku, ku koma gida a makon farko, ku riƙe salla, ku fuskanci masu kuɗi, domin mahaifiyata ta fi kuka a kan wata biyar ɗin nan fiye da kan adashinta.

Da na durƙusa gaban Kawu na ce, "Kawu, na yi laifi, a yafe mini," sai ya ce in tashi in ci abinci, gobe da asuba akwai albasar da za a baza. Shekara uku na yi ina masa aiki kafin in biya shi da mahaifiyata, kuma ranar da na kawo cikon kuɗin ya ƙirga su sau biyu, ya zare sefa dubu biyar ya miƙo mini, ya ce in sayi tamfol mai kyau.