Daren da na kulle kaina a waje

Jumma'ar nan zan miƙa makullin ofis da laftof, bayan shekara uku a nan. Duk wanda muka yi aiki tare ya san labarin daren bututun VPN, wato ɓoyayyar hanyar da ke haɗa kwamfutoci biyu ta cikin intanet, sai dai yawancinku daga bakin Oga kuka ji shi a taron safiyar Litinin. Ga shi yau daga bakin wanda ya danna maɓallin.

Bankin da kuɗin masu POS ɗinmu ke bi ta hannunsa adireshin IP ɗaya tak ya yarda da shi, wato lambar da ake gane kwamfuta da ita a intanet, na tsohuwar sabarmu ta Landan (saba ita ce kwamfutar da manhajarmu ke aiki a kanta). Sabuwar da muka mayar da manhaja kanta tana Frankfurt, da nata adireshin daban. Mun rubuta wa banki ya ƙara sabon, shiru kake ji. Sai Oga ya ce a haɗa sabobin biyu da VPN, duk abin da zai fita daga Frankfurt ya bi ta Landan, banki ya ci gaba da ganin fuskar da ya sani. Dabarar ba ta da laifi, ban taɓa cewa tana da shi ba.

Cikin manhajojin haɗa irin wannan bututun, WireGuard na zaɓa. Tun 2020 da aka shigar da shi cikin Linux 5.6 ba sai ka yi ta fama da takardun shaida irin na OpenVPN ba, makulli biyu ne kowane ɓangare da fayil ɗin da bai kai layi goma sha biyar ba. Ɓangaren Landan na gama shi lafiya: na ba sabar izinin miƙa saƙon da ba nata ba, na sa ta riƙa lulluɓe duk abin da ya fito daga bututu da adireshinta, na buɗe ƙofar UDP 51820, lambar mashigar da saƙonnin bututun ke shigowa ta ciki. A ɓangaren Frankfurt akwai layin AllowedIPs, inda kake faɗin waɗanne adireshi ne za a nufa ta cikin bututu. Na ce wa Oga mu sa na banki kaɗai. Ya ce a'a, a sa duka, kada gobe banki ya canja adireshi mu dawo muna gyara. Na ce to, Yallabai. Na rubuta 0.0.0.0/0, wato duniya gaba ɗaya.

Daren Alhamis ne, ƙarshen wata, sha ɗaya da rabi, ina ɗakina ina haɗe da Frankfurt ta SSH, hanyar da ake sarrafa saba daga nesa. Kafin in gwada komai na riga na saita bututun ya riƙa tashi da kansa duk lokacin da saba ta kunna, don kada in manta daga baya. Sannan na tayar da shi. Allo ya tsaya cak. Na zargi layin waya, na canja sim, na fita tsakar gida ina ɗaga waya sama. Sai da wayar ta fara ruri, wani mai POS a Sabon Gari yana cewa kwastoma na tsaye a gabansa kuɗi ba su fita ba, sannan jikina ya yi sanyi.

Abin da ya faru ba wani sihiri ba ne. Idan ka rubuta duniya gaba ɗaya a wancan layin, wg-quick, manhajar da ke tayar da bututun, yana buɗe sabon teburin hanya ya tura masa duk abin da zai fita, har da amsar wanda ya shigo daga waje. Mutum ya yi sallama a zauren Frankfurt, amsar ta fita ta ƙofar maƙwabci. Ita kuma Landan, da ta ga saƙo ɗauke da adireshin da ba shi aka rubuta mata ba, sai ta yar. Saboda haka ba ni kaɗai aka kulle a waje ba. Duk na'urar da ke neman manhajarmu ta ƙofar 443 tana ƙwanƙwasawa babu amsa.

Na san abin da masu wayo za su ce: ai sai ka shiga Landan, ka biyo ta cikin bututun ka iske Frankfurt ta adireshinta na ciki. Na gwada. Katangar tsaron da ni da hannuna na gina wata shida baya ba ta buɗe ƙofar 22, ta SSH, ga kowa ba sai adireshi biyu, kuma na bututun ba ya ciki. Kashe ɓangaren Landan ma ba zai yi komai ba, Frankfurt za ta ci gaba da zuba saƙo cikin ramin da babu kowa a ƙarshensa.

Hanya ɗaya ta rage, allon gaggawa na shafin kamfanin da muke haya saba a wurinsa. Kalmar sirrin shafin tana wurin Oga, lambar tabbatarwa kuma wayarsa take zuwa. Sau biyu na roƙi a buɗe mini nawa asusun, sau biyu aka ce ba a ba yara makullin taska. Na kira har na gaji, bai ɗaga ba sai bayan Asuba. Da ya ɗaga bai ba ni lambar ba, ya ce shi zai kashe sabar ya kunna, ai yakan gyara komai. Ta tashi, bututun ya tashi tare da ita, kamar yadda na umarce shi. A nan ne ya karanto mini lambar. Gyaran bai ci minti biyar ba: na sauke bututun, na ƙara doka ɗaya da ke cewa duk saƙon da ke ɗauke da adireshin sabar na waje ya bi tsohuwar hanyarsa, na sake ɗagawa. Awa shida da wani abu masu POS suka yi a rufe saboda layi ɗaya.

Ranar Litinin Oga ya ce wani ya yi wasa da saba da tsakar dare. Bai ambaci kalmar sirri ba, bai ambaci wanda ya ce a sa duka ba. Na karɓi takardar tuhuma na amsa ta da layi huɗu. Laifi biyu nawa ne, ban musa ba: na saita abin da ban gwada ba ya tashi da kansa, kuma na taɓa hanyar fita alhali ba ni da wata hanyar shiga. Sauran laifin kuwa, ku kuka san mai shi.

Tun daga ranar ban sake ɗaga bututu ba sai na fara sa agogon da zai sauke shi bayan minti biyar in ban dawo na soke ba. Idan ƙananan saƙonni na wucewa amma manyan amsoshi na maƙalewa, duba girman ƙunshi, WireGuard bayit 1420 yake ɗauka a maimakon 1500 da aka saba. Wancan 0.0.0.0/0 bai haɗa da IPv6 ba, sabon tsarin adireshin intanet, in sabar na da shi zai fice ta bayan fage. Duk ranar da Landan ta faɗi kuwa, Frankfurt ba ta da bakin magana da banki, ko da tana nan lafiya lau.

Banki ya ƙara adireshin Frankfurt daga baya, amma bututun na nan yana aiki, don babu wanda ya yarda ya taɓa shi tun daga wancan daren, kuma bai sake faɗuwa ba ko sau ɗaya. Ƙanina da zai gaje ni, bayanin komai yana cikin fayil ɗin da na bar maka, dokar nan da na ƙara a wancan daren ita ce layi na biyu, kada ka goge ta. Lambar tabbatarwa har yanzu wayar Oga take zuwa, kuma yana sa ta a shiru daga ƙarfe goma.