Dalmar masunta nake zubawa, ba ta mafarauta ba

Mu maƙeran fari ne tun kaka da kakanni. Ba ma dukan ƙarfe a kan uwar maƙera kamar maƙeran baƙi masu garma da lauje da fartanya, namu aikin narkawa ne da zubawa. Mahaifina tagulla da azurfa ya sani, ya yi ta ƙera mundaye da warwaro da kayan kwalliyar dokin hawan Sallah har Allah ya karɓi abinsa. Ni kuwa da na buɗe tawa rumfar a bayan kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ciniki ne ya zaɓa mini abin yi: sanholo na ludayi da tukunya a gefe ɗaya, dalmar masunta a ɗaya gefen. Yau dalmar ce ke riƙe da rumfar. Masunta daga Tiga da Bagauda da Wudil, wani lokaci har daga Haɗeja, su ne masu ciyar da mu, musamman in ruwa ya fara janyewa bayan damina kowa ya tashi gyaran birgi da taru.

'Yan gwangwan ne ke kawo mana dalmar. Akwai ta tsohon bututun ruwa, akwai rigar tsohuwar wayar ƙarƙashin ƙasa, akwai 'yan ƙananan nan da masu balansin taya ke maƙalawa a bakin ƙarfen taya. Batirin mota kuwa ba a fasa shi a rumfata, ko nawa aka rage mini, saboda ruwansa da ƙurarsa. Kafin a hura wuta sai an yi tsinta, kuma nan ne rabin aikin yake. Babbar abokiyar gabarmu tutiya ce, don yawancin 'yan balansin taya na yanzu da ita ake yin su ko da baƙin ƙarfe, a ido kuma ba ka bambance su. Sai yaro ya dantse kowacce da filaya: dalma tana lotsawa, tutiya ba ta lotsawa. In ka yar da ita a siminti ma, dalma tim take yi, tutiya kuwa sai ta yi ƙara. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, tutiya sai ta kusan 420, saboda haka mai haƙuri da wuta yana iya kwashe ta tana iyo a sama tun ba ta narke ba. Mai gaggawa da ya zuga wuta har ta narke ta shige ciki, tukunyarsa ta tashi daga aiki. Ruwan dalmar sai ya yi gudaji kamar kunun da ba a dama da kyau ba, ya ƙi cika lungunan mazubi.

Ruwa shi ma abin tsoro ne. Ɗigo ɗaya in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma, nan take ya zama tururi ya watso ta a fuskar mutum. Da damina ba mai jefa wani abu a tukunya sai ya sha zafi a gefen murhu ya bushe sarai.

Mazubinmu na ƙarfe ne, ɓari biyu masu haɗewa. In yana da sanyi dalmar takan fito da tamoji, in ya yi zafi da yawa ta fito fari-fari da kaushi, ta kuma daɗe ba ta daskare ba. Zubin farko-farko duk tukunya suke komawa. Bayan an gama sai awo, kuma a nan ne muke yawan faɗa da yarana, don su a ganinsu dalmar kamun kifi ba ta kai a tsaya ana ɗora ta a sikeli ba. Amma birgi jefa shi ake yi ya buɗe a iska ya faɗa ruwa a zagaye. In dalmar gefe ɗaya ta fi ta ɗaya gefen nauyi, wannan gefen zai riga nutsewa, kifi ya sulale ta ƙarƙashin marar nauyin. Masunci ba zai dawo ya yi maka ƙorafi ba. Ba za ka sake ganin sa ba ne kawai, shi da 'yan garinsu.

In rani ya shigo aka fara kiɗan farauta, wasu baƙi nake yi dabam. Wani dattijo ya taɓa zuwa da 'yar jakarsa ta fata, ya zauna a benci ya daɗe yana kallon zubin, sannan ya ce, "Malam, ai dalma dalma ce. Wadda ka zuba wa masunci ita za ka mulmula mini daidai bakin adakata." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, wannan ba aikin rumfar nan ba ne." Ya ce shi gada da zomo kawai yake nema, na kuma yarda da shi. Amma amsar ba ta canjawa, ko ga shi ko ga wanda ya zo da takarda a hannu. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau da ita ake aiki, ta hana ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izini ba, ta kuma kasa bindigogi gida uku: waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba lasisi, da na ɗuri ta baki irin su adaka, waɗanda ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Libarba tana gidan farko, wuri ɗaya da bindiga mai sarrafa kanta. Harsashi kuwa gwamnati na da masana'antarta a Kaduna, DICON, tun 1964. Ko da babu doka ma, a halin da Arewa ke ciki yanzu, abin da ya fita daga rumfarka ba ka san dajin da zai kwana ba. 'Yan bindigar sarki da ke girgiza gari ranar Hawan Daushe, su ƙarar albarushi suke nema, ba su da buƙata a wurina.

Abin dariyar shi ne, yawancin abin da na ƙaru da shi a kan halin dalma daga masu zuba harsashi na Amurka na samo shi. Can doka ta yarda mutum ya zuba nasa na farauta a gida, kuma sun cika YouTube da bayani. Ɗan ƙanina mai karatun injiniya a Jami'ar Bayero shi ke zama da ni da daddare yana fassara mini. Tamojin nan da kaushin nan da tutiyar nan, duk su ma suna fama da su, sai dai su sun bi abin filla-filla sun san dalilinsa.

Waɗanda suka fi burge ni cikinsu masu farauta da manyan libarba ne. Jagoransu wani makiyayin shanu ne kuma maharbi na jihar Idaho, marigayi Elmer Keith. A 1928 ya tsara wani kan harsashi na dalma mai faffaɗan baki, nauyinsa wajen giram 16, wanda har yanzu ake sayar da mazubinsa. Shi ya yi ta matsa wa kamfanoni lamba har Smith & Wesson da Remington suka fito da harsashin .44 Magnum a tsakiyar shekarun 1950, mai kaurin kusan milimita 11. Daga nan aka shiga rige-rigen girma. A 1983 kamfanin Freedom Arms na jihar Wyoming ya fara sayar da libarba mai cin .454 Casull, a 2003 kuma Smith & Wesson ya fito da .500, mai kaurin milimita 12.7, bindigar kanta wajen kilo 2. Waɗannan biyun ramuka 5 gare su a gangar da ke juyawa maimakon 6 da aka saba, don a bar wa ƙarfen kauri tsakanin rami da rami ya iya jure ƙarfin fashewar.

Me ya sa maharbi a Alaska, inda manyan beyar masu kai wa mutum hari suke, zai rataya libarba ya bar bindigar hannu mai ɗura kanta? Don ana ganin ba ta ba da kunya. In harsashi ɗaya ya ƙi tashi, sai ka sake ɗanawa, gangar ta juyo maka da na gaba. Haka ne, amma manyan suna da wata cuta tasu da ƙananan ba su cika yi ba, kuma ita ce ta tsaya mini a rai. In aka harba, bindigar takan yi baya da ƙarfin gaske. Sauran harsasan da ke cikin gangar, kwansonsu yana bin bindigar baya, kan dalmar kuwa saboda nauyinsa yana son ya tsaya inda yake. In bakin kwanson bai riƙe shi gam ba, kowane harbi sai ya ɗan zame gaba kaɗan. Tsakanin fuskar gangar da gindin bututun kuwa ratar ba ta kai rubu'in milimita ba. Da kan harsashi ya leƙo waje, gangar ta cije, ba gaba ba baya. Ba kuma cijewar da ake warwarewa da yatsa a cikin daƙiƙa biyu ba ce, sai an zauna an tura shi ya koma. Mutum na tsaye, dabba na tahowa, ga harsasai a cikin bindiga, amma ta zama guduma.

Akwai wasu kuma. Girgizar takan kwance sukurori a hankali, shi ya sa masu hankalinsu ke bin su da sukundireba kafin fita. Dalmar da ta cika laushi ko ta gaza cika bututun takan shafe a cikinsa, saiti ya lalace. Don haka suke haɗa ta da kuza, mai sa ta kwarara ta cika lungu, da antimoni mai ƙara mata tauri, irin haɗin da maɗaba'o'in da suke zuba haruffa da shi kafin zuwan kwamfuta. Mafi muni shi ne kumfar iska da ke ɓoyewa a cikin zubi. A waje sumul, a ciki rami. Harsashi juyawa yake yi in ya fita, in kuwa nauyinsa ya karkata gefe ɗaya sai ya yi ta lilo ya bar inda aka nufa. Ido ba ya ganin wannan, sikeli ne kaɗai ke tona shi. Sai ka ga dattijon Bature da tabarau ya jera ɗaruruwa a tebur yana auna su ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin da ke gane abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na giram ba, duk wanda ya gaza ya mayar da shi tukunya ba tare da ya yi tsaki ba.

A ganina masu cewa babbar bindiga ita ce abin dogaro ba su fahimci abin ba. Iya girmanta iya rashin yafiyarta ga aikin ganganci. Injuna masu tsada sun yanka ƙarfenta, an biya kuɗi mai yawa an saya, amma ranar da ake buƙatar ta, maganar tana komawa kan ɗan guntun dalmar da wani ya zuba a garejinsa, da ko ya tsaya ya auna shi. Daga wurinsu na ɗauko abu uku: ƙaramin sikeli mai batir, ɗumama mazubi kafin zubin farko, da raba dalmar kowane mai kawowa kada a gauraya. Ni in na yi sake kifi ne zai tsere, su kuwa rai ne a ciki, amma tukunyar iri ɗaya ce.

Sai maganar da ba mai son ji a layinmu, wato guba. A 2010 dalmar da ke cikin dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, saboda a cikin gidaje ake niƙa dutsen, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 aka sake ganin irin ta a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Dalmar da nake juyawa kullum ita ce dai wannan. Saboda haka a rumfata ba a cin abinci, ba a cin goro, ba a shan shayi kusa da murhu. Rigar aiki a rumfa take kwana, ba ta zuwa gida matar mutum ta wanke ta tare da kayan goyo. Ƙaramin yaro ba ya shigo mini ko da aike ne. Tukunyar narka sanholo da ludayinta da murhunta dabam suke, a ɗaya ƙarshen rumfar, kuma duk yaron da na kama ya tsoma ludayin dalma a can ya san sauran. Masu zuba tukunyar girki da duk tarkacen da ya zo hannunsu, har da radiyetar mota mai ɗauke da dalma, ina jiye wa masu cin tuwon tukunyarsu.

Turawan ma sun fara ja da baya. Ingila ta hana ƙananan dalmar fatsa tun 1987 saboda tsuntsayen ruwa na haɗiye su suna mutuwa. Amurka ta hana harbin agwagin ruwa da dalma a 1991, jihar Kalifoniya kuma ta hana farauta da ita gaba ɗaya a 2019, don ungulayensu na cin ragowar naman da aka harba suna kamuwa. Nan ba wanda ya hana mu tukuna, amma na gwada yanka ƙaramin bututun baƙin ƙarfe gunduwa-gunduwa a zura a igiya a madadin dalma. Masunta ba su yi murna ba, kuma suna da hujja. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, in girmansu ɗaya, inda ita take da giram 11 da ɗoriya shi bai cika 8 ba, don haka sai ya fi girma kafin ya yi nauyinta. Yana tsatsa ya ci zaren. Ba ya kuma matsuwa a kan igiya, su kuwa sun saba da abin da za su dantse da haƙori ya kama, ɗabi'ar da nake roƙon su su bari, har nakan ɗora wa mai sayen da yawa 'yar filaya kyauta. Masu taru kaɗan sun karɓi na ƙarfen don ya fi araha. Masu birgi kuwa ko ɗaya bai saya ba, sun ce yana yi musu nauyin hannu wajen jifa kuma yana sarƙe ragar. Yanzu ina magana da wani mai walda a Sharaɗa ko za mu samu bututun da ba ya tsatsa a kuɗin da masunci zai iya biya, kafin ruwan bana ya janye.