Fatauci a Amurka Cikin Motar Tafi-da-gidanka

Na zo Amurka daga Maraɗi ta hanyar gasar bizar da gwamnatin ƙasar ke yi kowace shekara a lokacin, na sauka a unguwar Bronx ta birnin New York wajen wani dattijo ɗan garinmu, wanda daga baya ya zama maigidana a harkar kasuwanci. Alhaji yana cikin Hausawa da Zabarmawan Nijar da suka riga mu zuwa, waɗanda suka yi ta kasa kaya a bakin titi na 125 a Harlem har zuwa shekarar 1994, lokacin da magajin gari Rudolph Giuliani ya sa aka tashe su, da yawansu suka koma kasuwar Malcolm Shabazz da ke titi na 116. Tun daga wannan tashi, in ji shi, cinikin rumfa bai sake komawa yadda yake ba, sai masu wayo a cikinsu suka mai da hankali kan bukukuwan da baƙaƙen fatar Amurka ke yi a garuruwa daban-daban idan sanyi ya wuce.

A bayansu na koyi hanya. Mukan cika mota da kaya mu tafi bikin Odunde na Philadelphia a watan Yuni, wanda aka fara tun 1975, mu dawo wani bikin a unguwar Brooklyn ta New York a farkon Yuli, mu nufi Chicago a ƙarshen lokacin zafi, muna kwana mu huɗu ko biyar a ɗakin otal ɗaya. Ciniki yana kyau, amma da na fara riƙe littafin kaina sai na ga inda ribar take zurarewa: ina biyan hayar ɗakin da ba na kwana cikinsa a Bronx, ina biyan otal a hanya, ina sayen abincin da ba ya ƙosar da ni, kuma duk hunturu kayana suna jibge ba mai taya su. A filayen kasuwannin nan kuwa ina ganin Turawa 'yan tireda, yawancinsu mata da miji masu furfura, idan an tashi sai su zagaya bayan rumfarsu su shiga wata doguwar mota su dafa abinci su kwanta. Da maiɗakina ta iso ƙasar, muka zauna muka yi lissafi, muka saki ɗakin, muka sayi irin wannan mota ta hannu.

Tamu matsakaiciya ce, gabanta na babbar akori-kura, bayanta ɗaki mai gado da murhun gas da ƙaramin firji da makewayi. Yawancin irinta a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, kuma lasisin tuƙi na kowa da kowa ya isa a ja ta. Tana da tankuna 3: na ruwan sha, na ruwan wanke-wanke, da na bayan gida, kuma na ƙarshen nan mutum da hannunsa yake jona masa tiyo ya zubar a wuraren da aka tanada. Wanda yake ƙyamar wannan aiki gara tun wuri ya haƙura da sana'ar.

Gaya wa mahaifiyata ya fi sayen motar wuya. A wajenmu wanda yake kwana a mota ko dai yaron direba ne ko wanda duniya ta juya wa baya, saboda haka da na ce mata mun bar gidan haya sai ta yi shiru, sa'an nan ta ce, “Kai yanzu 'yar mutane ka ɗauko daga gidan ubanta kake yawo da ita a titi? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.” Na ce, “Inna, ki yi haƙuri ki ga wurin tukuna.” Sai da surukarta ta zagaya da ita cikin motar ta wayar bidiyo, ta nuna mata tukunyar miyar kuka a kan wuta, kafin hankalinta ya ɗan kwanta, ko da yake har yau idan maƙwabta suka tambaye ta cewa take yi ɗanta yana Texas.

Kuma ba ƙarya take yi ba, domin a takarda ni mutumin Texas ne. Wannan shi ne babban abin da zama cikin mota ya koya mini game da ƙasar nan: Amurka ba ta damu da inda mutum ya kwana ba, amma ba ta yarda ya rayu ba tare da adireshi ba. Lasisin tuƙi, rajistar mota, inshora, asusun banki, takardar haraji, har da hukumar shige da fice wadda doka ta wajabta wa baƙo mai katin izinin zama a ƙasar ya sanar da ita duk lokacin da ya sauya mazauni, kowannensu yana neman suna da lambar titi da jiha. Masu zama a mota sun daɗe da samo mafita. Yawancinsu sukan zaɓi ɗaya daga jihohi 3, wato Texas da Florida da Dakota ta Kudu, saboda ba sa karɓar harajin jiha a kan abin da mutum ya samu, kuma suna amincewa da adireshin kamfanonin da ke karɓar wa matafiya wasiƙu. A Dakota ta Kudu rasidin kwana ɗaya a sansanin motoci yana cikin abin da ake nema kafin a ba matafiyi lasisi. Ni na zaɓi Texas saboda tana tsakiyar hanyata, kuma a garin Livingston akwai ƙungiyar masu irin wannan rayuwa mai suna Escapees, wadda aka kafa a 1978, tana karɓar wasiƙun dubban mutanen da da wuya su kwana a garin. Su ne suke tara mini takardu, su aiko mini duk inda na ce. Baƙo da yake neman zama ɗan ƙasa ba ya wasa da wannan, domin wasiƙa ɗaya ta gayyatar ganawa da ta kuɓuce masa tana iya mai da shi baya da watanni.

Bayan adireshi sai harajin ciniki, wanda a nan mai saye ne yake biya, mai sayarwa kuma ya tara ya miƙa wa jiha. Ba na tarayya ba ne, kowace jiha da nata. Texas tana karɓar kashi 6.25 cikin 100, idan an haɗa da na ƙaramar hukuma yana iya kaiwa 8.25; California tana farawa daga 7.25, Oregon da Montana da Delaware da New Hampshire ba su da shi. Ɗan tireda mai yawo dole ya yi rajista a jihar da zai kasa kaya, wani wurin na ɗan lokaci, wani wurin na dindindin, kuma masu shirya kasuwa sukan nemi lambar kafin su ba da fili. Wasu jihohin ko ba a sayar da komai ba sai an cike musu takarda an ce ba a sayar ba. Maiɗakina ce take riƙe wannan sashe, ta fi ni haƙuri da kwamfuta, kuma tun ranar farko ta kafa dokar cewa kuɗin haraji asusunsa dabam, ba a sayen fetur da shi ko da tanki ya kusa bushewa.

Abin da ban taɓa tsammani ba shi ne mota ce za ta zaɓa mini hajar da zan sayar. Kowace irin wannan mota tana da iyakar nauyin da aka rubuta a jikin ƙofarta, kuma abin da ya rage bayan an cire nauyinta ba shi da yawa. Cikinsa za a lissafa mu biyu, da tukwane, da tanti da tebura, da ruwa, wanda kowace lita kilo ɗaya ce. Wanda ya wuce iyaka tayarsa ce za ta fashe a kan babbar hanya, ko birki ya ƙi kamawa a gangaren tsaunuka. Shi ya sa nake hawa sikelin manyan motoci a gidajen mai kafin doguwar tafiya. A New York ina sayar da ganguna da sassaƙe-sassaƙen itace, amma waɗannan suna cin wuri, suna da nauyi, kuma bushewar hamada tana tsaga su. Man kaɗanya yana da kasuwa ƙwarai wajen mata, sai dai yana narkewa idan mota ta sha rana, kuma idan ya sake daskarewa yakan yi tsaki-tsaki, mai saye ta buɗe ta ajiye. Yanzu kaɗan nake ɗauka, a watannin sanyi. Ƙarfin jarina ya koma kan azurfar maƙeran Agadas, sarƙoƙi da zobba da 'yan kunne, waɗanda na dubban daloli suke shiga akwati ɗaya a ƙarƙashin gado, sai jakunkuna da alabe na dukawan Kano da Damagaram, da turmin atamfa kaɗan don rumfa ta yi kyan gani daga nesa. Sauran kaya suna wani ɗakin ajiya da nake haya a Houston, can ake sauke abin da ƙanena ya aiko daga gida.

Fetur ma yana da nasa hukuncin. Galan ɗaya ba ya kai motar fiye da mil 9 ko 10, don haka ba a zuwa kasuwa don an ji labarinta. Sai an jera kasuwanni a kan layi ɗaya yadda kowace za ta biya kuɗin isa ta gaba. Shekararmu tana farawa a Quartzsite, wani ɗan ƙauye a hamadar Arizona a kan babbar hanya mai lamba 10, wanda mazaunansa ba su kai 3,000 ba, amma a watan Janairu motoci irin tamu suke rufe sararinsa iya ganin ido. Tsofaffin da suka yi ritaya ne suke gudo wa ƙanƙarar arewa, har daga Kanada, kuma 'yan kasuwar duwatsu masu daraja da kayan ado suna biyo su. Ƙasar da ke kewaye ta gwamnatin tarayya ce; a wasu sassan ana zama kyauta har kwana 14, a wasu kuma ana sayen izini na dogon zama daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu. Ranar da na fara ganin wurin abin da ya zo mini shi ne labarin da kakanninmu ke bayarwa na zangon fataken goro a hanyar Gwanja, gari guda da yake tashi cikin 'yan kwanaki ya watse idan lokaci ya yi. Daga nan sai Tucson, inda ake babbar kasuwar duwatsu a ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, kuma nan ne kaɗai nake sayar da azurfa sari ga masu kantuna. Idan zafi ya fara sai mu yi gabas zuwa Canton ta Texas, wadda kasuwarta take ci daga Alhamis zuwa Lahadin da ke gaban Litinin ta farko a kowane wata. Yuni da Yuli na bukukuwan gabas ne, inda nake haɗuwa da Alhaji da sauran 'yan uwa. A farkon Agusta akwai kasuwar gwanjo ta hanya mai lamba 127, mai tsawon mil 690 daga Michigan zuwa Alabama. Ba ta kayanmu ba ce sosai, amma fili yana da araha kuma tana kan hanya.

Masu saye sun bambanta, kuma sai da na sake koyon magana. A Odunde mutum yana sayen sarƙa ne don tana haɗa shi da Afirka, yana son ya ji sunan garin da aka ƙera ta. A Quartzsite tsohuwa Baturiya takan juya zobe ta nemi hatimin da ke nuna ingancin azurfar, ta tambayi nauyinsa, domin ta shekara 30 tana sayen kayan ƙabilar Navajo, 'yan asalin Amurka, kuma ta san aiki. Ba a taya kaya yadda muke yi a kasuwar Maraɗi. Idan na faɗi kuɗi da yawa don in bar wurin ragi, ba za ta taya ba, godiya za ta yi ta wuce. Saboda haka kowane abu da farashinsa a rubuce, kuma mafi yawan ciniki da kati ake biya ta wata 'yar na'ura da ke haɗe da waya, wadda ba ta aiki sai da intanet, abin da yake wahala a hamada idan jama'a ta yi yawa.

Salla ta sa na nemi fatawa. Malamin da na tambaya a Bronx ya ce in bi abin da muka tashi a kai na Malikiyya: ina ƙasaru a hanya, amma duk inda na yi niyyar zaman kwana 4 cikakku sai in cika. Juma'a ce mai nauyi, domin ranar ciniki ce, kuma a ƙauyukan da muke sauka masallaci yakan yi nisan da ba a zuwa a dawo. Idan muna kusa da birni kamar Dallas ko Tucson sai in bar maiɗakina a rumfa in tafi. Naman halal a manyan birane muke saye mu cika ɗan firjin, kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa kuwa ba su da nauyi kuma ba sa lalacewa, sai ka ce don matafiya aka yi su.

A kudancin Arizona da Texas akwai shingayen jami'an kan iyaka a cikin ƙasa, nesa da iyakar Meziko, inda ake tsai da mota a tambayi mutum matsayinsa, don haka katin zamanmu ba ya barin aljihu. A sansanonin motoci sau da yawa mu kaɗai ne baƙaƙe, mu kaɗai ne Musulmi, kuma akwai wanda yakan kalli hijabin maiɗakina ya ɗauke kai. Amma 'yan tireda jama'a ce ƙarama da take zagaya kasuwanni iri ɗaya, kuma wanda ya riƙe maka tanti ranar da iskar hamada ta taso ba ya sake zama baƙo. Wani tsoho mai sayar da wuƙaƙe daga Montana shi ya koya mini zuba maganin hana daskarewa a bututan ruwa kafin sanyi, matarsa kuma ta san ba ma cin alade, takan dafa mana namu dabam. Na fi sanin Amurkawa a filayen nan fiye da yadda na san su a Bronx, inda zan yi mako ban yi magana da kowa ba sai da Hausa.

Raunin wannan rayuwa yana bayyana ranar da mota ta lalace, domin gida da kanti da abin hawa duk suna shiga gareji lokaci ɗaya, kuɗin filin da aka riga aka biya kuma ba a mayarwa. Rashin lafiya ma haka, tun da inshorar da muke iya biya tana ɗaure da likitocin Texas, a wata jiha sai larurar gaggawa kaɗai take ɗauka. Maiɗakina tana da juna biyu yanzu, kuma ta ce ba za ta yi goyo tsakanin tankin gas da akwatin azurfa ba, Inna kuma ta goya mata baya tun kafin ta rufe baki. Mun fara neman ɗaki a kudu maso yammacin Houston, kusa da wurin ajiyar kayanmu, inda 'yan Afirka ta Yamma suke da yawa kuma masallatai suna kusa. Za ta riƙe cinikin intanet da aika kaya daga can, ni kuma na riga na biya kuɗin filina na Quartzsite da Tucson na Janairu mai zuwa, kuma ina neman yaro cikin sababbin zuwa wanda ya iya tuƙi ya kuma iya tsayuwar rumfa.