Ranar da na kori Nancy Pelosi daga coci

A watan Mayun 2022 ina ɗan koyo a ɗakin labarai na wani gidan rediyo, an ɗora min fassara labaran ƙetare. Ranar 20 ga wata Akbishop Salvatore Cordileone na San Francisco ya fitar da wasiƙa a kan Nancy Pelosi, Shugabar Majalisar Wakilan Amurka a lokacin. Na karanta sama-sama, na rubuta kanu: "An kori Pelosi daga Cocin Katolika saboda goyon bayan zubar da ciki." Har ina jin daɗin yadda jimlar ta zauna.

Allah Ya sa takardar ta biya ta teburin wata babbar ma'aikaciyarmu, 'yar Katolika daga kudancin Kaduna, wadda kowa ke kira Anti. Ta sauke tabarau ta dube ni.

"Ƙanina, wa ya kore ta?"

"Akbishop ɗinsu mana, Anti."

"Kai dai ka kore ta. Shi hana ta karɓar Tarayya ya yi. Ko gobe Lahadi ta je Misa ba mai tare mata ƙofa."

Tarayya ita ce gurasar da ake tsarkakewa a raba wa masu ibada a Misa, wato babbar ibadar Katolika. Ni Musulmi ne, kuma a lokacin ban san akwai tazara tsakanin abubuwan biyu ba. Kunya ce ta kai ni ga karatu. Hukuncin da muke fassarawa da kora yana hawa kan wadda ta zubar da ciki da waɗanda abin ba zai yiwu ba sai da hannunsu, kuma yana hawa ne da kansa, ba sai an yi zaman shari'a ba. Shi ne sashe na 1398 a kundin dokokin cocin na 1983, wanda ya koma 1397 bayan gyaran 2021. Yawancin masana dokar coci ba sa shigar da ɗan majalisar da ya kaɗa ƙuri'a a cikinsa. Abin da Cordileone ya jingina da shi sashe na 915 ne, mai cewa kada a ba da Tarayya Mai Tsarki ga wanda ya kafe a kan babban zunubi a bainar jama'a. Ko kalmar kora ɗin ma ta yi nauyi, domin a wurinsu wanda aka yi wa baftisma ɗan gida ne ko da hukunci ya hau kansa.

Ita koyarwar ba ta da kwana-kwana. Littafin Katekizim na 1992, wato kundin koyarwar cocin, ya ce a kare ran ɗan Adam tun daga lokacin da ciki ya shiga, Fafaroma John Paul na Biyu kuma ya jaddada haka a wasiƙarsa Evangelium Vitae a 1995. A cikinta ya bar wa ɗan majalisa ƙofa guda: idan soke dokar gaba ɗaya ba zai yiwu ba, kuma kowa ya san matsayinsa, yana iya zaɓen wadda za ta rage ɓarna.

Inda na fi daɗewa shi ne jawabin Mario Cuomo, gwamnan New York, a Jami'ar Notre Dame a watan Satumban 1984. Ya ce a matsayinsa na ɗan Katolika ya karɓi koyarwar cocinsa, amma kujerar gwamna ta Yahudawa ce da Furotesta da marasa addini duka, kuma dokar da jama'a ba su yarda da ita ba ba za ta yi aiki ba. Ya tuna wa bishop-bishop cewa magabatansu a Amurka ba su fito sun nemi a haramta bauta ba kafin yaƙin basasa, saboda sun auna yanayi. Da na gama karantawa sai na ji ya ci ni. Na kai wa Anti, ta ce in sa kalmar "jariri" a duk inda ya ce "ciki" in sake karantawa. Idan har ka yarda rai ne, in ji ta, ta yaya za ka ce ni dai ba na so amma ba zan hana wani ba? Ban sami amsa ba.

Sai dai na lura ba a wuri ɗaya waɗannan 'yan siyasa suke tsaye ba. Cuomo mutum ne mai cewa hannunsa a ɗaure yake. Joe Biden kuwa a watan Yunin 2019 ya janye goyon bayan da ya daɗe yana bai wa dokar Hyde, wadda ta hana kashe kuɗin gwamnatin tarayya a kan mafi yawan zubar da ciki. Pelosi ita ta jagoranci majalisarta ta amince da ƙudirin kare wannan 'yanci a Satumban 2021. Tsakanin ƙin hana abu da tsayawa kai da fata a kansa akwai tafiya, kuma a ganina masu kare su ba sa son a taɓo wannan.

Su ma bishop-bishop ɗin bakinsu bai zo ɗaya ba. A 2004 Akbishop Raymond Burke na St. Louis ya ce ba zai bai wa John Kerry, ɗan takarar shugaban ƙasa na Democrat, Tarayya ba, taron bishop-bishop ya bar wa kowa ya yanke hukunci a yankinsa. A Oktoban 2019 wani fada a South Carolina ya hana Biden, amma Akbishop Wilton Gregory na Washington ya ce shi ba zai hana shi ba. A 2021 suka amince da ƙuri'a 168 da 55 a rubuta takarda a kan Tarayya, jaridu suka yi ta yayata cewa Biden aka nufa, da ta fito a Nuwamba babu sunan kowa a ciki. Fafaroma Francis, mutumin da ya kwatanta zubar da ciki da hayar makashi ya kashe maka mutum, shi ne dai ya ce bai taɓa hana kowa Tarayya ba, ya kuma nemi bishop-bishop su zama makiyaya, su bar siyasa.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. A 2018 Francis ya gyara Katekizim ya ce hukuncin kisa ba abin amincewa ba ne, amma William Barr, ɗan Katolika, shi ne ministan shari'ar da ya dawo da zartar da shi a matakin tarayya a 2020, kuma ban ga an yi masa irin wannan ca ba. Anti ta nuna min cewa tun 2004 Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Fafaroma Benedict, ya rubuta cewa nauyin zubar da ciki daban yake da na yaƙi ko hukuncin kisa. Na fahimci hujjar. Duk da haka, in sanda kullum a kan 'yan jam'iyya ɗaya, wato Democrat, take sauka, mai kallo daga waje ba zai rasa abin faɗa ba. Ta yi shiru, ta ce ita ma ɗanta haka yake ce mata.

Ranar 29 ga Yuni, kwana biyar bayan Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba da 'yancin zubar da ciki, Pelosi ta halarci Misa a majami'ar St. Peter da ke Vatican ta karɓi Tarayya. Wani abokin aiki ya ce in rubuta Fafaroma ya ba ta, zai fi jan kunne. Na bincika sau biyu: wani fada ne daga cikin masu rabawa ya ba ta. Haka na rubuta, na kai wa Anti. Ta karanta, ta gyara min waƙafi ɗaya, ta miƙa wa mai karanta labarai.